Jika 450 za ta haɗa kwamfutar wasa a Yamai?

Nasiru:
Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yayyena, shawara nake nema. Ina son haɗa kwamfutar wasa ta farko, abin da ke hannuna jika 450, wato sefa dubu 450, ba ƙari. Wasannin da nake so su ne EA FC, eFootball, GTA V, sai Valorant in intanet ta yarda. Ina da telebijin inci 32 mai HDMI, ina da manet na riƙewa a buga wasa. Ɗakin ba kilim, fanka ce kawai. Wani mai butiki ya lissafa mini furosesa i7 ta hannu, RAM giga 16, kart girafik GTX 1050 Ti sabo a leda, akwati mai gilashi da fitilu, da alim, wato mai raba wa kwamfuta wuta, da ke zuwa cikin akwatin an rubuta mata wat 650. In saya ko in dakata?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam. Dakata, ƙanena, kada ka ba da ko dala tukuna.

Wanda ya ce maka i7 bai faɗi lambar da ke biye ba, bai gaya maka komai ba. i7-3770 na 2012 ne, i7-4790 na 2014, su ne kuma suka cika kasuwar kayan hannu. i3-12100F na 2022 ƙwayoyin aikinsa 4 ne kamar nasu, amma a wasa ya bar su nesa. Ga shi Windows 11 ba ta karɓar Intel da bai kai zubi na 8 ba a hukumance, Microsoft kuwa ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Kart ɗin ya fi damuna. GTX 1050 Ti ya fito tun 2016, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Tsohon GTS 450 ake ɗauka a sauya masa BIOS, wato ƴar manhajar da ke cikin jikinsa, Windows ta nuna 1050 Ti mai giga 4, alhali ƙwaƙwalwar da ke jikinsa ba ta kai haka ba. Da wasa ya nemi fiye da abin da ke akwai sai ya rufe kansa. Dubi bayan kart ɗin: in ka ga shuɗin ramin VGA mai ƙofofi 15, ajiye shi, domin 1050 Ti na asali ba ya zuwa da VGA. A buɗe maka manhajar GPU-Z a gabanka ma, tana rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan.

Alim da ke zuwa kyauta cikin akwati kuwa, kada ta ga kart ɗinka ko sau ɗaya. Karanta takardar da ke manne a gefenta, ka nemi layin +12V, ka ninka amfiya da 12. In an rubuta 20A, wat 240 ke nan, ko da an buga 650 da manyan haruffa a sama. Furosesa da kart duk daga 12V suke sha.

Ga abin da zan haɗa: Ryzen 5 5600, kart-mer (babban allon da komai ke hawa kansa) B550 ƙarama wato micro-ATX, RAM DDR4-3200 sanda biyu giga 8-8, SSD NVMe tera 1, RX 6600 mai giga 8, alim wat 550 mai tambarin 80 Plus Bronze daga kamfani sananne irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, da akwati mai raga a gaba.

Laminu:
Malam, jerin ya yi kyau, amma kuɗin ba za su kai ba. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, jika 450 ba ta wuce yuro 686 ba. Kafin kaya su iso Yamai an ɗora kuɗin mota, duwan da ribar mai butiki. Ka sa masa duk wannan sabo, da me zai sayi ondilar, mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke? Da me zai sayi kilabiye da linzami? Valorant na kwamfuta ba ya aiki da manet.

Ni hanyar da nake gani ita ce Ryzen 5 5600G. Tana da nata girafik a ciki, Vega 7, ba sai da kart ba. Ya haɗa sauran duka da kaya masu kyau, ya sayi ondilar, ya ajiye ragowar, bayan wata biyar ko shida ya ƙara kart. Nasiru, je ka duba telebijin ɗinka ma. Yawancin masu inci 32 ba 1080p ba ne, 1366 x 768 ne. In haka naka yake, 5600G za ta riƙe GTA V da Valorant da eFootball ba matsala in ka sassauta saiti.

Nasiru:
Na duba takardar baya da littafinsa, yaya Laminu. 1366 x 768 aka rubuta.

Malam Isuhu:
Maganar ondilar gaskiya ce, Laminu, dole ya shiga lissafi. Amma 5600G ba 5600 mai ƙarin girafik ba ce, mutane da yawa suna ɗaukar ta haka. Ma'ajiyar L3 ɗinta, wato ƴar ƙwaƙwalwar cikin furosesa, mega 16 ce, ta 5600 mega 32, kuma wasanni suna jin wannan bambancin. Sannan a ramin kart PCIe 3.0, wato tsohuwar hanyar sadarwa, kaɗai take bayarwa ko da ka ɗora ta kan B550. Ranar da ya ƙara kart, zai zauna da furosesar da ta fi rauni, girafik ɗin cikin da ya biya kuɗinsa kuma ya zama ba shi da aiki.

EA FC kuma shi ne farkon abin da ya ambata. Mafi ƙarancin abin da EA ta nema a FC 24 shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, RAM giga 8 da wuri giga 100. Vega 7 ba ta kai 1050 Ti ba. Wasan zai buɗe, amma ƙwallo da ke tsinkewa lokacin da kake kai hari ba abin da ya tara kuɗi dominsa ba ne.

Laminu:
Na yarda FC ya yi wa Vega 7 nauyi. Amma asarar PCIe 3.0 da RX 6600 kaɗan ce, layinsa 8 ne. Wanda ke shan wuya da PCIe 3.0 shi ne RX 6500 XT, mai layi 4 da giga 4 kawai, wannan kam kada kowa ya saya wa irin wannan haɗin. Akwai kuma amfani ɗaya da ba ka lissafa ba: duk ranar da kart ya tsaya, mai 5600G zai mai da wayar HDMI kan kart-mer ya ci gaba da aiki, kuma ya gane nan take cewa kart ne ya lalace. Mai 5600 ko 12100F baƙin ekaran kawai zai gani.

Hadiza:
Salamu alaikum. Akwai hanya ta uku da ba ku taɓa ba, ita ce kuwa ta fi yawa a kasuwarmu: kwamfutocin buro na hannu, Dell OptiPlex da HP. In za a bi ta nan, a nemi zubi na 8 zuwa sama. OptiPlex 3060, 5060 da 7060 sukan zo da i5-8500, ƙwayoyi 6, DDR4, kuma Windows 11 tana karɓarsu. A cika RAM zuwa giga 16, a sa SSD, a ƙara kart da ba ya neman wayar wuta ta daban. Ramin PCIe da kansa yana ba da har wat 75, shi ya sa GTX 1650 irin wanda ba shi da ramin wuta, ko RTX 3050 mai giga 6 da ke cin wat 70, suke zama lafiya.

Iyakarta dai a san ta tun farko. Alim ɗinsu yawanci ba ta kai wat 300 ba, kuma bakin wayarta ba irin na kowa mai fil 24 ba ne, nasu ne na kamfani, ba za ka ciro wata daga kasuwa ka sa kai tsaye ba. Akwatin siriri, wanda ake ce wa SFF, gajeren kart kaɗai ke shiga, sai a tabbatar yana da gajeren ƙarfen baya. Kuma kada a sa wa kart mai neman fil 6 ko 8 irin adaftar nan da ke jawo wuta daga wayar SATA. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a 12V, fil 8 kuwa har wat 150 kart ke ja ta nan. Robar narkewa take yi, wani lokaci har da hayaƙi.

Ƙanena, in burinka FC da GTA a kan telebijin ɗin nan ne kawai, wannan hanyar za ta bar maka canji mai kauri. In kana hangen ƙara kaya shekara biyu nan gaba, ba ita ba ce.

Sahabi:
Ni ban ga abin da ya sa ake tsallake RX 580 mai giga 8 ba. Yana ko'ina, yana da araha, ya fi 1650 ƙarfi, FC da GTA V a 1080p ba sa gagarar sa. A haɗa shi da Ryzen 5 5500 da kart-mer A520, kuɗi sun isa har da ekaran.

Mamman Tawa:
Sahabi, ƙarfi shina da shi, ba gardama. Amma ku duba abin da shika ci. RX 580 wat 185, RX 6600 wat 132, ga shi 6600 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Duk wat ɗin da kart ya sha zafi shika zama cikin ɗaki. Yaron ga ya ce ba shi da kilim. Afrilu da Mayu, Yamai ko nan Tawa, zafi shina wuce digiri 40 da rana, ɗaki mai rufin kwano kuwa ba shi hucewa sai dare ya raba. Gwajin da kuke gani a YouTube cikin ɗaki mai digiri 22 ko kusa anka yi shi. Kart ɗin da ya nuna 72 can, ka kawo shi ɗaki mai 40, ka ƙara mishi 18, ka ga 90. Lissafin ke nan, ba wani siddabaru.

Na biyu, RX 580 na 2017 ne, kuma shi ne dokin masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum. Da anka daina haƙa da kart a Satumba 2022, sai sunka zubo su kasuwa. Wasu an wanke, an sake musu murfi da fanka, an sa sabon kwali. Da yawa kuma 2048SP ne, wanda a gaskiya RX 570 ne da suna ya canza. Na ainihi 2304 gare shi, GPU-Z na nuna lambar a layin Shaders. Wanda anka taɓa wa BIOS don haƙa, direban AMD ƙin hawa shika yi, Windows ta ba ka lambar kuskure 43.

Sahabi:
To ai ba duka ne suka lalace ba, maigida. Wanda aka gwada ya ci gwaji fa?

Mamman Tawa:
Wanda ya ci gwaji a saya, in kuɗin sun tilasta. Amma gwaji na gaske, ba a kunna a ga hoto a ce lafiya lau ba. A sa shi cikin kwamfuta gabanka, a sa direba na kamfani, a kunna manhajar gwaji FurMark ko Unigine Heaven minti 20 cikin butikin, ba gaban kilim ba. Ka buɗe shafin Sensors na GPU-Z kana kallon zafi da gudun fanka. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, ekaran ya ɗauke ya dawo, fanka guda ta tsaya ko tana gurnani, ko ɗaya ka gani ka bar shi. Ka juya bayanshi ka duba ko allon ya yi duhu kusa da ƙwaƙwalwa, ko sukurori sun yi tsatsa. Ka gwada kowane rami, HDMI da DisplayPort. Kuma a rubuta lambar siriyal kan faktir, da kwanakin garanti, ko mako guda ne.

Malam Isuhu:
A kayan hannu akwai waɗanda ban jin tsoro da waɗanda ban yarda ba sam. Furosesa da RAM da akwati, a saye su na hannu, da wuya su mutu. Ta soket AM4 dai, wato Ryzen ɗin nan, fil ɗinta a jikinta suke, a ɗaga ta a haske a duba kada a sami lanƙwasasshe. A Intel LGA1700 fil ɗin cikin soket na kart-mer suke, can za a duba. Kart girafik na hannu sai da gwajin da Mamman ya faɗa. Alim da SSD kuwa sababbi, ba ciniki.

Saboda haka ga gyaran jerina domin kuɗin su kai: furosesa ta hannu, 5600 ko ma Ryzen 5 3600 in ita aka samu da sauƙi, duk soket ɗaya ne. RX 6600 na hannu da aka gwada, ko GTX 1660 Super mai giga 6 da wat 125. SSD giga 500 maimakon tera 1. Akwati marar fitila ko ɗaya. Abin da aka rage a nan shi zai sayi ondilar.

Nasiru:
Malam, giga 500 za ta isa kuwa? Kuma na ga B450 ta fi B550 araha sosai, mene ne aibinta?

Malam Isuhu:
Windows da FC da GTA V kaɗai za su cinye fiye da rabin 500. Za ta isa farawa, daga baya ka ƙara SSD na SATA ko tsohon diski na ajiya. Kada dai ka ɗora Windows ko wasan da kake bugawa kullum kan diski mai juyawa.

B450 ba ta da aibi, sharaɗi gare ta. Ta fito kafin Ryzen 5000, don haka in BIOS ɗinta tsoho ne, ka sa 5600, fankoki za su juya amma ba hoto. Ko dai mai butiki ya sabunta maka da tsohuwar furosesa kafin ka ɗauka, ko ka nemi mai maɓallin sabunta BIOS a baya, wadda ke yi da kile USB ba tare da furosesa ba. Kuma kada a taɓa sabunta BIOS sai kwamfutar tana kan ondilar. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, kart-mer tana iya ƙin sake tashi sai an kai ta wurin mai na'urar rubuta BIOS. PCIe 3.0 ce ita da A520, amma kamar yadda Laminu ya ce, da RX 6600 asarar ba ta taka kara ta karya ba. Ka zaɓi mai ramin RAM 4 da ƙarfen sanyaya a kan sassan wutar da ke kewaye da soket. A zafinmu wannan ƙarfen yana da aiki.

Hadiza:
Kan SSD, jabunsa ya fi na kart yawa yanzu. Akwai wanda ake rubuta wa tera 1 ko 2, Windows ma ta nuna haka, alhali cikinsa ɗan ƙarami ne. Yana cika sai ya riƙa taka tsofaffin fayiloli ba tare da ya faɗa ba. H2testw tana cika shi duka ta karanta, ita ke tona asirinsa, sai dai tana ɗaukar lokaci. CrystalDiskInfo kuma tana nuna awannin da ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubuta masa, nan za ka gane na hannu da aka mayar cikin kwali. A tsaya kan sunayen da aka sani, Crucial, Kingston, WD, Samsung, kuma farashin da ya yi araha fiye da hankali a bar shi.

RAM kuma sanda biyu, ba guda mai giga 16 ba. A kart-mer mai rami 4, rami na 2 da na 4 daga gefen furosesa. Bayan an haɗa a shiga BIOS a kunna XMP, wanda ASUS ke kira DOCP a kan AMD. In ba a kunna ba, RAM da aka saya don 3200 yakan tsaya a 2133 ko 2400. Ga mai 5600G wannan ya fi komai muhimmanci, tun da girafik ɗinta daga RAM ɗin take ci.

Mamman Tawa:
Bari in dawo ga wuta, don nan ne kwamfutoci ke mutuwa garinmu, ba ga wasa ba.

Lissafin haɗin Malam: 5600 ba ta wuce wat 76 in ta ƙure, kart 132, kart-mer da RAM da SSD da fankoki a ba su 40 zuwa 50. Wajen 260 ke nan. Alim mai Bronze tana ɓatar da kusan kashi 15 cikin 100, sai abin da ka ja daga bango ya kama 300. Ka ƙara telebijin. Ondilar kuwa da VA ake rubuta shi, ba wat ba, kuma ƙananan nan kusan kashi 60 cikin 100 na VA ɗin ne wat ɗinsu. Mai 650VA bai kai wat 400 ba, kana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke, shina iya yin kuka ya mutu tare da kwamfutar. Mai 1000VA zuwa 1200VA shi ad daidai, mai AVR ciki, wanda ka gyara wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama. Ba don ka ci gaba da wasa ba ne, minti kaɗan zai ba ka ka adana ka kashe.

Abu biyu kuma. Alim na zamani masu Active PFC wasunsu ba su jituwa da ondilar mai araha da igiyar wutarshi ba tsantsa ba ce. Lokacin da ya koma kan batir sai kwamfuta ta mutu ko alim ta yi ƙara. Gwajin mai sauƙi ne: kunna wasa, zare filogin ondilar daga bango, ka gani ko ta tsaya. A yi shi ranar da anka saya, tun ana iya mayarwa. Wanda gidansu ke da panno da batir, a duba inbata ɗin ko mai igiya tsantsa ne. Ƙaramin gurup kuwa, wato janareta, kada a haɗa kwamfuta da shi kai tsaye.

Batir ɗin ondilar, 12V 7Ah ko 9Ah, zafi na rage mishi kwana. A aje shi inda iska ka ratsawa, kuma ranar da ya fara mutuwa da wuri batir ɗin kawai ake canzawa, ba sai an sayi sabon ondilar ba.

Laminu:
In ƙara kan na maigida Mamman. Gidaje da yawa firiz ɗinsu, wato ramin filogi na bango, ba shi da wayar ƙasa. Alamarsa, ka taɓa ƙarfen akwatin ka ji yana ɗan tsikarinka. Ba alim ce ta lalace ba, tatar da ke cikinta ce take zubar da ɗan kuran ta wayar ƙasa, in babu wayar sai ya tsaya a jikin akwati. A kira mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙasa ya ja waya zuwa firiz ɗin. Ralonj mai kariya daga hawan wuta ma ba ya cika aikinsa in babu ita.

Kayan da aka sayo daga Kano ko Legas da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila suke zuwa. Kada a lanƙwasa ko a cusa adafta mai lilo. Wayar alim iri ɗaya ce a duniya ta ɓangaren kwamfuta, a sayi mai kan da ya dace da firiz ɗinmu. Tsofaffin kwamfutocin da suka fito daga Amurka kuma, a duba ɗan jan makunni a bayan alim. In yana kan 115 aka sa a wutarmu ta 220, nan take za ta fashe.

Nasiru:
Na gode ƙwarai, yayyena. Maganar zafi fa, fankar da ke zuwa cikin kwalin Ryzen ta isa, ko in nemi mai ruwa?

Malam Isuhu:
Mai ruwa a'a. Tsada gare ta, famfonta na iya tsayawa, kuma ba ta sanyaya komai ƙasa da zafin ɗakin. Ta cikin kwali, Wraith Stealth, an yi ta don wat 65 kuma tana aiki, sai dai a bazara za ta riƙa ihu, furosesa na kusantar iyakar zafin da take rage gudu da kanta. Ka fara da ita. In ka sayi furosesa ta hannu babu fanka, ɗauki mai hasumiya da fanka milimita 120, irin DeepCool AG400 ko makamanciyarta, ka auna tsayinta da faɗin akwatin kafin ka biya.

Akwatin ya fi fankar furosesa tasiri. Gaba raga, fanka biyu suna shigo da iska, guda a baya tana fitarwa. Masu shigowa su fi masu fita yawa, domin iska ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ƙura ta shigo ta cikinsu. Akwatin da mai butiki ya nuna maka, gilashi gaba gilashi gefe, tanda ce. Ɗora ta kan tebur, kada ta zauna ƙasa, ka bar taƙi guda tsakaninta da bango. Na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa in akwai, kada bakinta ya kalli kwamfutar, damshi da ƙura in sun haɗu laka suke zama a kan allo.

Da hunturu, wanke ragar gaba duk mako, a busa cikin duk wata. Lokacin busawa riƙe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima. Kuma telebijin ɗinka hoto 60 yake nunawa a sakan. Ƙayyade wasa a 60 daga saitinsa ko daga manhajar Adrenalin ta AMD, kart zai huta, zafi ya sauka, mita ma ta rage gudu.

Hadiza:
Telebijin ɗin, nemi yanayin wasa a saitin hotonsa ka kunna, in ba haka ba za ka ji jinkiri tsakanin danna manet da motsin ɗan wasa. Zai yi maka FC da GTA. Valorant kam sai ekaran na gaske, inci 24, 1080p, mai 144Hz in hali ya yi. Shi ne abin da za ka fara tara wa kuɗi bayan wannan. Ranar da ka saya, sai ka shiga saitin nuni na Windows ka zaɓi 144 da hannunka, ba ya hawa da kansa kullum. Valorant a Windows 11 yana kuma neman TPM 2.0 da Secure Boot a kunne. A BIOS na AMD sunan na farkon fTPM.

Kilabiye in AZERTY ka samu, maɓallan tafiya Z, Q, S, D ne, ba W, A, S, D ba. Wasan da bai gane da kansa ba sai ka sauya a saiti. Yawancin kart-mer masu araha ba su da Wi-Fi, ka tanadi wayar intanet zuwa akwatin gida, ko ka haɗa salula ta USB. Saukar da wasa mai giga 100 da forfe na salula kuwa ka lissafa kuɗinsa tun yanzu cikin jika 450 ɗin.

Sahabi:
Har yanzu ina ganin in RX 6600 na hannu ya yi tsada, RX 580 da ya ci gwaji ya fi a zauna ba kart. A Adrenalin ana rage masa wuta da kashi 15 ko 20, gudu kaɗan yake raguwa, zafi kuwa ya sauka sosai.

Laminu:
Wannan gaskiya ne, amma sai alim ta zama 550 mai kyau, ondilar kuma kada ya gaza 1200VA.

Nasiru:
To ga abin da na tsayar: Ryzen 5 5600 ta hannu, B450 mai rami 4 da za a sabunta wa BIOS a gabana, RAM 8-8, NVMe giga 500 sabo, alim 550 Bronze sabuwa, akwati mai raga, ondilar 1000VA, kilabiye da linzami masu sauƙi. Abin da ya rage duka na kart ne, RX 6600 in ya kai, in bai kai ba 1660 Super. Wani ɗan'uwa zai iya sayo mini kart ɗin daga Kano. Ni zan haɗa da kaina in Allah ya yarda.

Mamman Tawa:
Madalla. Wanda za shi Kano ya yi gwajin can kafin ya biya, ya turo maka hoton GPU-Z da bidiyon FurMark, don mayar da kaya bayan sun ƙetare iyaka wahala ce. Kart ya taho cikin ledarshi da kwali, cikin jakar hannu, ba ƙarƙashin bas tare da buhuna ba. Kuma ko nan gaba za ka yi tafiya da kwamfutar a haɗe, cire kart tukuna, girgizar hanya tana tsage ramin PCIe.

Malam Isuhu:
Wajen haɗawa, fara a waje. Ɗora kart-mer kan kwalinta, sa furosesa kusurwa mai alamar zinariya ta dace da alamar soket. Da kanta take faɗawa, in ta ƙi kada ka danna. Man sanyaya ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, in fankar ba ta zo da nata a shafe ba, kuma ka ɓare ledar da ke ƙasan fankar in akwai. Wayarta a CPU_FAN. Sa RAM har ka ji ƙas a gefe biyu, sa SSD, sa kart, haɗa fil 24 da fil 8 na furosesa. Kula a nan: fil 8 na furosesa yana rabuwa 4 da 4, na kart yana rabuwa 6 da 2, ba sa musanya. HDMI a jikin kart, ba a kart-mer ba, 5600 ba ta fitar da hoto. Taɓa fil biyu na PWR_SW da bakin sukudireba, in ka ga BIOS sai a shiga akwati.

A cikin akwati, ƙarfen bayan kart-mer shi ke fara shiga. Ƙirga ƴan ginshiƙan tagulla su dace da ramukan kart-mer daidai, wanda ya yi saura a ƙarƙashi cire shi, shi ke haɗa wuta ya hana ta tashi. Da hunturu jiki na tara tartsatsi, riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka kama su ta gefe.

In ka kunna ba hoto, zare wuta, cire RAM ka mayar da sanda guda a rami na 2, nan matsalar ta fi yawa. In ta ƙi, ɗauki hoton cikin akwatin da na ƙananan fitilun kart-mer masu rubutun CPU, DRAM da VGA in tana da su, ka turo nan mu duba.